Wace amfilifaya ce za ta iya da sifikoki masu cin wuta?

Baban_Sauti:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin kayan sauti ina neman shawara. Ina da wasu dogayen sifikoki na falo, a bayansu an rubuta om 4 (ma'aunin turjiyar sifika ga wuta), manuwal yace ƙarfin sautinsu desibel 85 ne kuma wai akwai wajen da suke sauka har om 2.8. Da risiba (amfilifaya mai haɗe da rediyo) nake haɗa su wadda aka rubuta wat 100 kowane ɓangare, amma da na ɗan ƙara folum sai bas ɗin ya saki jiki ba ƙarfi, murya ta yi tsini tana sukan kunne, saman risibar yayi zafin da hannu baya iya daɗewa akai, wani lokacin ma sai ta kashe kanta. Ina so in sayi fawa amfilifaya daban, to wat nawa zan nema? Ko in ɗauki mai 300 kawai in huta? Tsakanin kujerata da sifikokin kamar mita 3 ne.

Mai_Mita:
Wa alaikumus salam Malam. Ba a wat ɗin da aka rubuta jikin kwali matsalarka take ba, karan ne, wato yawan wutar da sifika ke ja wadda ake aunawa da amfiya, risibar bata iya bayarwa. Wancan 100 ɗin yawanci a kan om 8 ake auna shi, sau da yawa ma da ɓangare ɗaya ko biyu kawai suna aiki, su kuma naka om 4 ne suna gangarowa 2.8, kuma duk sanda om ya ragu da rabi karan ɗin da sifika ke ja ninkawa yake a boltej iri ɗaya. Shiyasa take zafi tana kashe kanta, kare kanta take kar ta ƙone.

Bari muyi lissafi. Desibel 85 ɗin nan galibi da bolt 2.83 ake auna shi a nisan mita 1, a sifikar om 8 wat 1 kenan amma a naka wat 2 ne. A mita 3 cikin ɗaki da sifika biyu zaka samu wajen desibel 80. In kana so wuraren da ganga ke dukan gaske su kai 100 ba tare da sautin ya fashe ba, ƙarin desibel 20 kenan wato ninki ɗari, kaga wat 200 a kan om 4. Wannan wajen bolt 28 ne da amfiya 7, amma a inda suka faɗo 2.8 sai ya koma amfiya 10, to nan ne ake gane amfilifaya ta gaske.

Saboda haka ka duba lamba biyu a takardarta, ta om 8 da ta om 4. In wat 150 ce a om 8 ta koma 250 ko 300 a om 4, tana da ƙashi. In 150 ce ta koma 170, ko suka ƙi rubuta ta om 4 gaba ɗaya, rabu da ita ko da an rubuta dubu. Kuma tsinin muryar da kake ji kar ka raina shi, amfilifayar ce ta ƙure tana yanke kan sauti, a haka tuwita, ƙaramar sifikar nan mai fidda siririn sauti, ke ƙonewa.

Tsohon_Hannu:
Mai_Mita ya gama magana. Ni dai abinda zan ƙara ka nemi amfilifaya nau'in Kilas AB mai nauyi, wadda in ka leƙa ta ramukan murfi zaka hango ƙatuwar taransifoma mai zagaye da manyan kapasito da ƙarfen sanyaya har gefe biyu. Karan daga nan yake fitowa. A shekarun 1980 akwai sifikar Apogee Scintilla da ke zama a om 1, amfilifayoyi ƙalilan ne ke iya ɗaukarta, irin su Krell da haka sukayi suna. Naka basu kai can ba amma hanyar ɗaya ce. Kuma ka bar mata sarari ta sama ta sha iska, kar a cusa ta cikin kabad.

Hajiya_Kilas_D:
Baba Tsohon_Hannu da girmanka amma maganar nauyi ta ɗan sha ruwa yanzu gaskiya. Amfilifayoyi nau'in Kilas D na zamani irin masu kayan kamfanin Hypex ko Purifi a ciki an auna su har kan om 2, wajen kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka ja suke miƙawa sifika, shiyasa basa zafi sosai kuma da hannu ɗaya zaka ɗaga. Irinta nake amfani da ita a sifikoki masu om 4 kuma bas ɗin a kame yake tsaf. Banda dai ƙananan nan masu rubuta ƙatuwar lambar wat da sunan PMPO, wannan lambar bata nufin komai.

Sannan ba duk om 4 bane ɗaya. Sifikokin Magnepan om 4 ne amma kusan a miƙe yake ba hawa da sauka, wat kawai suke so da yawa, wasu MartinLogan kuma suna faɗowa ƙasa da om 1 amma can saman sauti inda kiɗa bashi da ƙarfi sosai. Wanda yafi gallazawa shine faɗuwa a wajen bas. Ka nemi zanen awon sifikokinka, mujallar Stereophile tana buga irinsu, ka ga a ina 2.8 ɗin yake.

Mai_Mita:
Haka ne Hajiya. Abu biyu kuma Malam, kar wani ya baka shawarar kayi birij dan wat ya ƙaru, in an haɗe ɓangare biyu kowannensu rabin om ɗin yake gani, 2.8 ta koma 1.4 kenan. Na biyu leƙa bayan risibar ko akwai ramukan firi awut, wato inda sauti ke fita zuwa amfilifaya ta waje, in babu sai ka nemi firi amfilifaya ma, wato na'urar folum da ake sawa kafin fawa amfilifaya.

Baban_Sauti:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na duba akwai firi awut na hagu da dama, kuma na samu zanen, faɗuwar a wajen haz 100 take wato cikin bas ɗin kenan kamar yadda Hajiya tace. Zan nemi mai 250 zuwa sama a om 4 wadda aka rubuta tana ɗaukar om 2, kafin nan na rage folum saboda tuwitocin.