Wane suna za mu ba na'urar CPAP da Hausa?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar bayani ga masu ɗaukewar numfashi a barci, sai aka cije a kan sunan CPAP, na'urar da suke kwana da ita. Sunaye uku ke gabanmu: "na'urar numfashi", "na'urar hana minshari", ko a ara kai tsaye a ce "sifaf". Likitoci da injiniyoyi, a kawo ɗauki.

Likitar barci: Wa alaikumus salam, Malam. A fara cire "na'urar numfashi". Duk wanda ya ji wannan, tunaninsa zai tafi kan injin da ake jona wa marar lafiya a sashen kulawa ta musamman, wanda ke numfashi a madadinsa. CPAP ba ta yi wa kowa numfashi, kuma ba iskar oksijin take bayarwa ba. Iskar ɗaki take zuƙa, ta tace, ta turo da matsi ɗaya ta tiyo zuwa takunkumin da ke fuskar mai barci. Idan barci ya yi nauyi, tsokar harshe da ta ganɗa kan saki, bangon maƙogwaro ya rufta, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye. Matsin iskar ne ke riƙe bangon kada ya haɗe. Haka likita Colin Sullivan ya bayyana dabarar a Sidni, Ostareliya, a 1981.

"Hana minshari" kuma ya rage wa abin daraja. Minshari alama ce kawai. Abin da ake ƙirgawa a gwajin barci shi ne sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a awa: 5 zuwa 14 mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Mai irin wannan lamba ba surutu ne damuwarsa ba, hawan jini ne da gyangyaɗi a kan sitiyari.

Mai gyaran na'urori: Likita, to me zai hana "matokarin iska"? Aikinta ke nan, tokare bango.

Mai fassara: Injiniya, matsalar "tokare" fuska biyu gare shi. In aka ce an tokare ƙofa, an hana ta buɗuwa ne. Mai karatu zai iya ɗauka na'urar ce ke toshe iskar.

Mai gyaran na'urori: Na janye. "Zugazugi" ma ba zai yi ba, don shi bugu-bugu yake hurawa, ita kuwa ba ta tsagaitawa. Amma duk sunan da za a zaɓa, kalmar "matsi" ta shiga, domin a nan masu saye ke faɗawa rami. Ana saita matsin tsakanin 4 da 20, da awon santimita na ruwa, kuma gwaji ne ke nuna lambar mutum. Ya yi ƙasa, maƙogwaro ya ci gaba da rufewa. Ya yi sama, a haɗiyi iska, a wayi gari da kumburin ciki. Mai sayen ta hannu ya duba awannin aikin injin a allonta, ya sauya takunkumi da tiyo da mataci, ya kuma binciki lambar da ke jikin injin: a 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urori saboda soson rage ƙara da ke marmashewa a cikinsu.

Likitar barci: To ga shawarata: "na'urar buɗe maƙogwaro" a matsayin suna, a biyo da "mai matsin iska" wajen bayani. Mai sauya matsi da kanta cikin dare, "mai daidaita kanta". BiPAP, wadda ke ƙara matsi wajen shaƙa ta rage wajen fitarwa, "mai matsi biyu".

Ma'aikaciyar jinya: Na yarda, amma a baki "sifaf" ce za ta ci gaba da yawo, don gajeriya ce. A rubuta duka biyun a farkon takarda. Ni sassan ne suka fi damuna. "Takunkumi" ya zauna, sai dai a rarrabe uku: na hanci, na kafar hanci mai 'yan matasai biyu, da na hanci da baki. Mai barci baki buɗe in ya sa na hanci, iskar ta baki za ta tsere, ya tashi maƙoshi a bushe. Ƙananan hudojin da ke jikin takunkumin a kira su "mafitar numfashi", domin wasu na ɗauka yoyo ne su liƙe, alhali ta nan iskar da aka fitar ke fita. Yoyon gaske ta gefen ido ake jin sa, kuma ɗaure maɗauri tamau kan ƙara shi, don yana murƙushe robar.

Mai gyaran na'urori: Malama, saura ruwan tankin danshi, wanda ke jiƙa iskar kada ta busar da maƙoshi. Kada a rubuta "ruwan batir" ko da wasa, mutane da yawa asid suke nufi da shi. "Tataccen ruwa" ma bai isa ba, tacewa ba ta cire gishirin da ke daskarewa a gindin tanki. A ce "ruwan da aka tara daga tururi".

Mai fassara: An rubuta: na'urar buɗe maƙogwaro, wato sifaf. Ruwan kuma na sa "ruwan tururi", da jimla ɗaya ta bayani a ƙasansa.