Zan sayar da hannun jarina in sayi injin ban ruwa, nawa haraji zai ci?

Hedimasta Mai Ritaya (Auyo):
Assalamu alaikum jama'a. A watan Disamba na 2021, lokacin da MTN ta buɗe wa talakawa sayen hannun jari a kan naira 169 kowane ɗaya, ɗana da ke Kano ya lallaɓe ni na sayi guda 2,000. Naira 338,000 ke nan, daga ɗan abin da ya rage na giratuti. Tun daga nan ban taɓa su ba, sai dai rabon riba da ke faɗowa asusuna lokaci-lokaci.

Bana ina so in sayar. Injin ban ruwan da nake haya a fadama ya ishe ni, mai shi sai ya gama shayar da tasa shinkafar kafin ya tuna da ni. Ina son nawa, mai aiki da hasken rana. To shekaranjiya a majalisa wani yaro ya rantse cewa sabuwar dokar haraji za ta kwashe kashi 30 na duk abin da na samu. Ban yi barcin kirki ba. Idan gaskiya ne, akwai wata halastacciyar hanya ta rage shi? Ni ba na son ɓoye-ɓoye, na tsufa da wannan.

Ɗan Kafin Hausa:
Allah ya gafarta Malam, wataƙila ba za ka gane ni ba, amma ka koyar da ni lissafi a aji biyar, har bulalarka na sha a kan jadawalin tara. Yau bari in rama da lissafi.

Yaron nan ya ji ƙira ne bai ga maƙera ba. Kashi 30 ɗin na kamfanoni ne. A dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ribar da mutum ya ci a kan hannun jari ana haɗa ta ne da sauran abin da ya samu a shekara, a yanka masa haraji mataki-mataki. Naira 800,000 na farko babu ko kwabo, daga nan kashi 15, ya yi ta hawa har kashi 25, wanda sai mai samun sama da miliyan 50 yake kaiwa. Kuma a kan riba ake lissafi, ba a taɓa uwar kuɗi.

Amma kai Malam ko wannan bai shafe ka ba. Dokar ta yafe wa duk wanda jimillar abin da ya sayar cikin wata 12 a jere bai kai naira miliyan 150 ba, matuƙar ribar ba ta wuce miliyan 10 ba. Hannun jarinka 2,000, ko farashin ya ninka sau biyar bai ko leƙa ƙofar wannan adadi ba. Abin da za a cire maka shi ne la'adar dillali da 'yan kuɗin kasuwa. Rabon ribar da kake gani kuwa, an riga an zare kashi 10 tun kafin ya iso gare ka. Ka je ka sayi injinka.

Mai Riɗi Maigatari:
Abin da ya faɗa haka yake. Ni dai zan ƙara nawa don masu ɗan kauri, saboda ni ya shafe ni.

Hannayen jarin bankuna nake da su tun zamanin Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokaci, 2005, lokacin da bankuna ke ta neman cika jarin naira biliyan 25. Na ga faɗuwar 2008 da idona, na haƙura na bar su kamar tsohuwar rijiya. Shekarun nan suka farfaɗo. Da kaka ta gabato na so in sayar duka in zuba a riɗi, sai da muka zauna da mai yi min lissafi muka ga ribar za ta kai wajen miliyan 14. Kuɗin cinikin bai kai miliyan 150 ba, amma ribar ta haye miliyan 10, kuma sharuɗɗan biyu tare suke tafiya. Nan mutane ke tuntuɓe, sai su riƙe na farko su manta na biyu.

Sai na raba shi biyu. Na sayar da abin da ribarsa ta tsaya ƙasa da miliyan 10, ragowar na bar shi sai wata 12 sun cika cif. Ku lura, ba a ce daga Janairu zuwa Disamba ba, an ce wata 12 a jere. Wanda ya sayar a Disamba ya sake sayarwa a Janairu yana ganin ya yi wayo, duk a buhu ɗaya za a auna masa. Jiran ma yana da nasa haɗari, don farashi ba ya jiran kowa, yana iya zubewa ka yi asarar da ta fi harajin da kake gudu. Ni na ɗauki wannan kasadar ne don riɗin da nake buƙata bana bai kai na duka kuɗin ba.

Hanya ta biyu, in ka mayar da kuɗin cikin hannun jarin wani kamfanin Najeriya a cikin shekarar harajin da ka sayar, abin da ka mayar ba a yanka masa. Amma riɗi ba hannun jari ba ne, shanu ma haka, fili ma haka. Na tambaya, an yi min dariya.

Abin da ya fi ba ni wahala takardu ne. Kamfanin dillalan da na saya ta hannunsu a 2005 ya rufe, takardun ciniki kuma gara ta cinye rabi a cikin adaka. Idan ba ka da shaidar nawa ka saya, da me za ka nuna iyakar ribarka? La'adar da ka biya wajen saye da sayarwa ma ana cire ta daga riba, amma sai da takarda. Sai da na yi zuwa Kano uku kafin na haɗa bayanan daga CSCS, kamfanin da ke ajiye bayanan hannun jarin kasuwa, da wajen rajistara, masu riƙe sunayen masu hannun jari. Malam, ko ba ka da harajin biya, ka adana takardar da dillali zai turo maka.

Inna Hajara Ringim:
Ni tambaya ce da ni, ku yi haƙuri na shigo tsakiya. Wani ya ce min in raba nawa da sunan 'ya'yana, kowa ya sayar da nasa, wai sai a kasa kai adadin. Ya halatta?

Ɗan Kafin Hausa:
Inna, idan kyauta ce ta gaskiya, kin ba su har ga Allah, to dukiyarsu ce, kuma ranar da suka sayar ba ki da ikon cewa su miƙo. Idan kuwa aron suna ne kawai, wannan shi ne ɓoye-ɓoyen da Malam ya ce ba ya so, kuma yanzu kowane asusu a ɗaure yake da BVN. Ga rigimar gado da za ki shuka a gida. Kafin ma a je nan, nawa ne ribar taki? Ina kyautata zaton ke ma ba ki kai miliyan 10 ɗin ba.

Hedimasta Mai Ritaya (Auyo):
Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta. Ɗan Kafin Hausa, na gane ka sarai, kai ne mai zama kusa da taga. Allah ya yi albarka. Alhaji Mai Riɗi, na duba, takardar sayen tana cikin wayar ɗana, na ce ya buga min ita a kawo. Zakka kuma dabam take, wannan da liman zan yi maganarta ranar Juma'a. Saura wanda ya san inda ake samun injin mai inci uku na kirki a Haɗeja, ko sai na shiga Kano?