Don Allah a ba ni shawara, odishin (gwajin shiga makarantar kiɗa) ya matso kuma tsoro na neman kashe ni

Ɗan Jos: Salam jama'a, don Allah ina neman shawara. Turampet nake busawa tun ina ɗan shekara 12 a Boys' Brigade, yanzu saura sati 3 in tafi Legas odishin na shiga difloma a makarantar kiɗa ta MUSON, wadda MTN Foundation ke ɗaukar nauyin ɗalibanta, shi ya sa nake so sosai don gidanmu ba halin biya. Matsalar ita ce a ɗaki ni kaɗai komai na fita tsaf, amma da na tsaya gaban alƙalai sai bakina ya bushe ƙaƙas, leɓe na rawa, numfashi ya ƙi kai ni ƙarshen layi. Bara na je wani gwaji a wani waje, notar farko, wato sautin da na fara busawa, ta fashe, daga nan ban ma san me na busa ba har na fito. Yanzu ko barci ba na yi sosai, awa 5 nake busa kullum amma kamar ƙara lalacewa nake.

Tsohon ɗan band: Ƙanena awa 5 ɗin nan ita ce matsalarka ta farko. Leɓe nama ne, gajiya yake har ya kumbura, sai ka ga nota ta sama ta ƙi fita ka ɗauka ka manta ne, ka ƙara busawa, ya ƙara kumbura. Rage, ka raba shi safe da yamma, ka huta gwargwadon yadda ka busa. Ana gobe gwajin kar ka wuce minti 30.

Anti mai piyano: Ɗana, ka iya waƙar, abin da ba ka koya ba shi ne busa ta cikin tsoro, kuma shi ma koyonsa ake. Idan gaba ya faɗi jiki na sakin adiranalin, zuciya ta yi gudu, yawu ya ɗauke, hannu ya yi rawa, ba aljanu ba ne kuma ba wai ba ka iya ba. Ni abin da nake sa yarana su yi, su hau bene da gudu sau biyu ko uku, suna haki su ɗauki kayan su fara, sau ɗaya tak, ba tsayawa ba maimaitawa. Ka yi haka kullum, ka tara mutane su zauna su haɗe rai suna rubutu a takarda kamar alƙalai, ko ƙannenka ne ko mai shagon layinku. Ka ɗauka a waya ka saurara, za ka sha mamaki, kuskuren da ka ji kamar ya cika ɗakin ashe ɗan ƙarami ne. Kuma in nota ta fashe ka wuce abinka, alƙali ya fi lura da wanda ya tsaya yana girgiza kai.

Nas ce ni: Na san wani zai ce maka ka sha firofiranolol don rawar hannu. Maganin hawan jini da zuciya ne fa, kuma yana da haɗari ga mai asma, kar ka saya a kemis ba tare da ganin likita ba. Tiramol kuwa ko kusa. Ranar ka bar kofi da goro da enaji dirink. Kafin ka shiga ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali ya fi tsawon shigarsa, kamar sau 5.

Ɗan Agege: Hhh bushewar baki kam ka tuna tsamiya ko lemon tsami kawai, yawu zai zo da kansa, ka riƙe gorar ruwa kuma. Sannan malam kar ka sauka daga motar dare ka wuce Onikan, unguwar da MUSON take, kai tsaye, ka iso da kwana 2, ka je ka ga wajen, kusa da filin Tafawa Balewa yake. In daga Mainland za ka taso ka fito da asuba, goslo ɗin gada ba ya jin wai kana da odishin.

Ɗan Jos: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti na gwada na benen ɗazu gaban Mama da ƙannena biyu, wallahi leɓen ya yi rawa kamar bara, nota biyu sun fashe amma na kai ƙarshe. Mama dai dariya ta hana ta haɗe rai. Gobe mai shago zan kira.