Shawarwarin da aka tsayar kan fita neman burbushin halittun teku

Da muka zauna shirin tafiyar, bakin kowa ya zo ɗaya kan izini: a nemi yardar mai fili kafin a kafa tanti ko a ɗaga guduma. Waɗanda suka saba sun ce a fita bayan ruwan sama, lokacin da ƙasa ta zaizaye, haƙoran kifin shak na ƙyalli cikin tsakuwa. A bakin teku kuwa, a jira ruwa ya janye, a guji gindin tsauni.

Wadda ta fi kwanta mini ita ce ta rubutu. Amonait, wani nau'in halittar teku mai ɓawo a murɗe kamar ƙahon rago, ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. In ka tsinci burbushinsa da ya zama dutse, naɗe shi a takarda, ka rubuta inda ka same shi tun kafin ka koma tanti.