Masu ajiye kifin ado a gida, a kula da hannu

A taƙaice: akwai ƙwayar cuta Mycobacterium marinum, 'yar uwar ta tarin fuka, tana zama cikin ruwan tankin kifi, in kana da ɗan yanka a yatsa ka tsoma hannu shikenan ta samu ƙofa. Sai bayan sati 2 zuwa 4, wani lokaci ma fiye, ƙurji ja ya fito, wasu su biyo layi har damtse. Shawara ita ce safar roba doguwa da wanke hannu da sabulu, kuma dan Allah a daina zuƙo tiyo da baki wurin fitar da ruwan tanki. In ƙurjin ya ƙi warkewa kar a tsaya kemis, a je asibiti a faɗa wa likita kana kiwon kifi, don maganinsa watanni ake sha.