Ɗaga ƙarfe yana hana yaro tsawo ne? Ɗana ɗan ninkaya ne

Baban_Halidu (Yantala):
Salamu alaikum ƴan uwa. Yarona shekarunshi 12, shekara biyu kenan yana zuwa pisin, yanzu kos ɗinsu ya ce zai sa shi cikin masu shiga gasa amma wai sai ya riƙa antirenma a tudu sau biyu a sati, su pompe, abdo (motsin ƙarfafa ciki) da jan roba, kuma ran Asabar za a yi masu tes har da tsalle. Uwarshi ta kafe ta ce ƙarfe danne yaro yake ya zama gajere. Ni kuma abin da ya ɗaure mini kai, mi ya haɗa mai iyo da tsalle a ƙasa?

Tsohon_kos:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka kwantar wa Hajiya da hankali, tsawo gado ne da abinci da barci, ƙarfe bai rage shi. Abin da ke ɓata yara shi ne nauyin da ya fi ƙarfinsu da rashin babba a kansu. Kuma abin da kos ɗin ya lissafa ma babu ƙarfe ciki, nauyin jikinshi ne kawai da roba. Ɗan 12 da bai balaga ba, ba ƙwanji zai yi ba, jikin ne ke koyon aiki tare sai ka ga ƙarfi ya ƙaru hannu na nan siriri yadda yake. Sau 2 ko 3 a sati ya isa, ba kwana biyu a jere ba, kowane motsi sau 10 zuwa 15, in ya fara karkacewa a tsaya. Robar nan kar ku raina ta, kafaɗa ita ce ciwon ƴan iyo don hannu na juyawa sau dubbai, a ɗaura robar a taga ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari yana buɗewa waje a hankali.
Maganar tsalle kuwa, tashi daga dakalin da ake faɗawa ruwa da tura bango wajen juyawa duk aikin ƙafa ne, a mita 50 nan ake cin mutum. Shi ya sa ake auna tsallen. Ka nemi kaye ka rubuta nisan tsallen, yawan pompe, kurono (lokacin da ya ɗauka) na mita 50, da sau nawa ya ja hannu kafin ya kai bango. Bayan wata biyu a sake, pisin ɗaya lokaci ɗaya, don kurono na pisin mita 25 ba ɗaya ba ne da na mita 50.

Ɗan_Ader:
Mu nan Tawa a tabki munka koyi iyo, ba kos ba kurono 😂 amma wallahi a yi hattara da ƙarhen unguwa. Ƙanena sun cika gwangwanin madara da siminti sunka soka bututu tsakiya, kowa na son nuna shi a namiji, kahwaɗa ta goce, wata ukku ko bokiti bai iya ɗauka.

Maman_Nana:
Ni ma'aikaciyar lafiya ce. Ku riƙa auna tsawonshi jikin bango duk wata uku, maza wajen 13 zuwa 14 suke zabura, lokacin gwiwa da dunduniya kan yi ciwo sai a sassauta tsalle. Kar a saya mashi garin furotin ɗin nan na gwangwani, ƙwai da wake da nono da kifi sun wadatar. Kuma ya tafi da gorar ruwa, cikin pisin ma ana zufa, balle zafin Afrilu.

Abdul_Gamkalle:
Kos a haɗa da tes na haƙuri kan dakali 😅 Wasannin Olampik na Sidni 2000, Karim Bare namu na Nijar ya faɗa ruwa kafin a ba da alama shi da ɗan Tajikistan aka fidda su, na ukunsu Eric Moussambani ya yi mita 100 shi kaɗai duniya ta san shi.

Baban_Halidu (Yantala):
Na gode ƙwarai. Na karanta wa uwarshi, ta ce ta yarda da roba amma ran Asabar da ita za a je, ta ga tsallen da idonta. Kos, robar tsohon tib na moto za ta yi ko sai ta farmasi?