Neman gurbin digirin digirgir a kemistiri: a gida ko a waje?

Mai tambaya, daga Gombe

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Na kammala digiri na biyu a fannin kemistiri, kuma ina koyarwa a wata babbar makaranta a nan Gombe. Bincikena na baya ya shafi yawan sinadarin fuloraid a ruwan rijiyoyin yankin Kaltungo, wanda shi ne yake rina haƙoran yara a can, kuma burina shi ne in ci gaba da aikin har in kai ga hanyar tace ruwan da abin da muke da shi a kusa, kamar farar ƙasar Alkaleri. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ko in nemi gurbi a gida ko in nufi waje. Ina roƙon duk wanda ya bi wannan hanya ya gaya mini abin da ya gani da idonsa.

Malamin jami'a, daga Bauchi

Wa alaikumus salam, Malama. Ni a gida na yi nawa. Sharuɗɗan shiga ba su ne matsala ba: kiredit biyar na sakandare da suka haɗa da Turanci da Lissafi da kemistiri, takardar hidimar ƙasa, digiri na biyu da maki wanda yawanci ba ya gaza 3.50 cikin 5.00, da wasiƙun malaman da suka san aikinki. A takarda kuma shekara uku ce mafi ƙarancin lokaci. Duk wannan za ki same shi a sanarwar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko ta Jami'ar Jihar Gombe ko ta Ahmadu Bello, da ɗan bambanci kaɗan.

Abin da sanarwa ba ta faɗa shi ne maganar na'urori, alhali a fanninmu na'ura ce take yanke tsawon karatu. Aikina ya shafi ciro sinadarai daga sassaƙen wata bishiya da masu maganin gargajiya suke amfani da ita. Na tace, na ware, na samu abin da nake nema a cikin 'yan kwalabe, amma ba yadda za a yi a tabbatar da siffar sinadarin sai da na'urar NMR, wadda sashenmu ba shi da ita. Sai da na aika samfuran ƙasar waje ta hannun wani aboki, na zauna watanni ina jira, ina fargabar kada su lalace a hanya. Kafin sakamakon ya dawo, yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya shigo, daga Fabrairu har Oktoba, babu taron ƙara wa juna sani, babu zaman kare kundi.

Naki aikin ya fi nawa sauƙin yi a gida, a ganina. Za ki buƙaci na'urar XRD domin sanin ma'adinan da ke cikin farar ƙasar, da FTIR da SEM domin ganin yadda fuskarta ta sauya bayan kin sarrafa ta, da abin auna fuloraid a ruwa. Akwai cibiyoyin da masu bincike suke kai samfur, irin su NARICT da ke Basawa a Zariya da SHESTCO da ke Sheda kusa da Abuja. Sai dai kafin ki sayi fom, ki rubuta kowace na'ura da aikin zai buƙata, ki je da ƙafarki ki tambayi ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ko tana aiki a yanzu, da nawa ne kuɗin samfur ɗaya. Shi ne zai gaya miki gaskiya, domin shugaban sashe zai ce akwai na'urar, kuma bai yi ƙarya ba, tana nan a lulluɓe.

Malamin kwalejin ilimi, daga Gombe

Allah ya saka da alheri, Dakta. Ni a Malesiya na yi, da tallafin TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kuma ban taɓa jiran na'ura fiye da 'yan kwanaki ba, domin suna kawai ake rubutawa a bi layi. Jami'ar ta sharɗanta mini buga maƙala a mujallar da ta amince da ita kafin in kare kundi, abin da ya yi mini nauyi a lokacin amma ya amfane ni daga baya. Wahalar da na sha ta kuɗi ce, saboda an ƙayyade tallafin tun farko, darajar naira kuma ta yi ta faɗuwa ina can. Ki kuma sani, Malama, cewa TETFund ta dakatar da ɓangaren tura malamai waje daga farkon 2025, don haka hanyar da muka bi ba a buɗe take kamar dā ba. PTDF, hukumar asusun bunƙasa fasahar man fetur, tana ba da tallafi, amma ta fi karkata ga abin da ya shafi man fetur da makamashi, wanda ya fi dacewa da mai bincike a kan man Kolmani ko kwal ɗin Maiganga.

Ɗalibin digirin digirgir a Amurka, ɗan asalin Azare

Yaya, ki ba ni dama in faɗi nawa ko da yake ni ne ƙarami a nan. Tsarin Amurka ya sha bamban da wanda muka sani. Sashen kemistiri ake nema, ba wani malami shi kaɗai ba, kuma kwamiti ne yake zaɓe. Idan an ɗauke ki, yawanci ba za ki biya kuɗin makaranta ba, a maimakon haka za a riƙa ba ki alawus na wata-wata, ke kuma ki riƙa koyar da ɗaliban digiri na farko a ɗakin gwaje-gwaje. A shekarar farko ake ɗaukar darussa ana zagaya ɗakunan malamai, sannan a zaɓi wanda za a yi aiki da shi. Karatun yakan kai shekara biyar, kuma digirinki na biyu ba lallai ne ya rage miki komai ba, tun da su da digiri na farko ma suna shiga.

Yawancin jami'o'in suna rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu, amsa tana fitowa daga baya, wanda aka ba gurbi da tallafi kuma yana da damar yin tunani har zuwa 15 ga Afrilu. Suna neman wasiƙun malamai uku, da takardar da za ki bayyana abin da kika yi da abin da kike son yi. An daina ɓangaren kemistiri na GRE, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri na farko, tun 2023, wasu sassan kuma sun daina neman ta gama-gari. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne wasiƙun, domin malamin ne da kansa zai shigar da tasa ta intanet, kuma malamanmu ba su cika duba imel ba, sai da na riƙa binsu ofis da ladabi.

Amma akwai abin da ya kamata ki auna. A can za ki yi aikin da malamin yake da kuɗinsa ne. Idan zuciyarki tana kan ruwan Kaltungo, zai yi wuya ki sami wanda zai bar abin da aka ba shi kuɗi dominsa ya koma kan rijiyoyinmu. Ki kuma bincika halin da bizar ɗalibai take ciki kafin ki kashe ko sisi a kuɗin fom.

Farfesa mai ritaya, daga Bauchi

'Yata, na duba ɗalibai da dama, kuma wasiƙar da nake amsawa ita ce wadda ta nuna mai ita ya karanta aikina. Wanda ya rubuto mini yana yabon shaharata, yana cewa a shirye yake ya yi duk abin da na ba shi, na san ya aika wa mutum ashirin irinta. Ki karanta maƙalu biyu ko uku na malamin, na kwanan nan, ki ce masa ga inda aikinsa ya tsaya, ga abin da kike ganin farar ƙasarki za ta ƙara. Sannan ki nemi tsofaffin ɗalibansa a keɓe ki tambaye su shekara nawa suka yi, da tsawon lokacin da babi yake ɗauka a teburinsa. Babban suna mai ɗalibai goma sha biyar da muƙamin mulki ba zai sami lokacinki ba. Sau da yawa matashin malami da yake neman ƙarin girma ya fi matsuwa ki gama.

Malamar jami'a, daga Gombe

Na gode wa Baba Farfesa, haka abin yake. Ƙanwata, ni ban iya tafiya in bar yara har tsawon shekara huɗu ba, sai na yi rajista a gida, na tattara samfurana, sannan na nemi tallafin Commonwealth na raba karatu, wanda yake ba ɗalibin da ya riga ya fara digirinsa a ƙasarsa damar yin wata goma sha biyu a wata jami'ar Birtaniya. A cikin waɗannan watannin na yi duk awon da ba a iya yi a nan, na dawo na rubuta kundi a ɗakina. Sharaɗin shi ne malaminki na gida da na can su kasance suna da alaƙar aiki, saboda haka tambayar da za ki ƙara a kan na Baba ita ce, da wa malamin yake hulɗa a waje. Kemistiri yana cikin fannonin da Birtaniya take neman takardar ATAS, wato izinin gwamnatinta na karatu a wasu fannonin kimiyya, kafin biza, ita ma takan ɗauki makonni.

Ko wace hanya kika zaɓa, ki fara neman cikakken sakamakon karatunki na digiri na farko da na biyu tun wannan makon. Nawa ya kusa sa in rasa gurbin, saboda fayil ɗin ya daɗe a wani ofishi ana cewa mai sa hannu ya yi tafiya. Ki biya kuɗin, ki karɓi rasit, ki sami wanda zai riƙa leƙawa a madadinki, kuma ki nemi a ba ki kwafin ɗalibi domin ki fara tura wa malaman da shi kafin na hukuma ya fita.